Bangon da Auta Bai Ji Ba

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu na ba shi. Amma in ka shigo unguwarmu kana nemana, kada ka wahalar da bakinka da cewa mai shafe kake nema. Ka ce wan Likita, nan take za a nuna maka ƙofata. Ka ji fa! Ni da na goya shi, ni da na share masa majina, yau da sunansa ake gane ni.

Kuma ba likitan komai ba ne, ko allura bai iya riƙewa ba. Likitan bango suke ce masa, don in mutum zai sayi gida, ko ya wayi gari ya ga ɗakinsa ya tsage, shi ake kira ya zo ya duba. Ni dai ban taɓa kiransa da wannan sunan ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Auta muka san shi a gida, Auta nake ce masa ko a gaban wa.

Babanmu birkila ne, kuma tare ya ja mu zuwa wurin gini. Ni Allah ya ba ni hannu, na hagu ma kuwa, shi ya sa har yau 'yan gida Bahago suke ce mini. Ban cika shekara goma sha bakwai ba na iya shafe ɗaki guda a yini, sumul, ka bi da tafin hannu ba za ka ji tudu ba. Auta fa? In ya jera bulo layi uku sai Baba ya rushe biyu. Kwaɓin siminti ya sha bushewa a kaskonsa yana tsaye ya saki baki yana kallon bangon maƙwabta. Sai ka ji ya ce, "Baba, me ya sa wannan tsagar ta hau kamar matakala, waccan kuma ta miƙe sambal?" Ni ina jiran in ji ƙarar mari, sai in ga Baba ya ajiye cokalin gini, ya goge hannu, ya tsuguna yana zana masa a ƙasa. Ni bai taɓa tsugunawa ya zana mini komai ba. Iyakaci ya ce, "Ci gaba, Bahago, hannunka ya san hanya." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Da Baba ya rasu, ni aka ba kayan aikin, cokula da igiya da ma'auni da kasko, har da tsani. Auta ya ce shi makulli kawai yake so. Wani tsohon makullin ƙarfe ne mai tsawon yatsa biyu, na ƙofar wani sito da aka rushe tun kafin a haife mu, wanda Baba ke ƙwanƙwasa bango da shi. Har dariya na yi masa ran nan. To, shekara talatin ke nan. Cokalin gini nawa na cinye da aiki, ban san adadi ba, makullin nan kuwa yana nan yana ciyar da shi da iyalinsa, ko lanƙwashewa bai yi ba.

Bari in yi masa adalci, ko da yake abin yana maƙale mini a wuya: ya iya. In aka kira shi gida ba ya shiga kai tsaye. Sai ya zagaye shi sau biyu, hannu a baya, kai a ƙasa, kamar mai neman abin da ya yar. Ya ga inda ruwan rufi ke zuba, ko a gindin bango yake kwanciya. Ya ƙirga taku nawa ne daga sokawe, wato ramin ruwan bayi, zuwa harsashin gini. In akwai itace kusa, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, wai saiwa ba ta san iyakar fili ba. Ya ɗebi ƙasa ya jiƙa ya murza a yatsa, in ta yi danƙo ya girgiza kai, wai laka ce, da damina ta kumbura ta ɗaga gida, da rani ta tsuke ta sauke shi, kuma ba bulon da zai jure wannan rawar shekara da shekaru. Daga nan ya nemi wanda ya fi kowa tsufa a layin, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi me ke wurin nan kafin a yi gini. Kududdufi ne aka cike? Juji ne? Tsohuwar rijiya? Ya sha hana mutane sayen gida da bakin wata tsohuwa kawai, shi ko zauren bai taka ba.

In ya shiga ciki kuma, kowace ƙofa sai ya buɗe ya rufe, ya ji ko tana gogar ƙasa. Ya zuba ruwan buta a tsakar ɗaki ya tsuguna ya ga ina zai nufa. Sai a ƙarshe ya zaro makullin. Nan ne mutane ke yin tsit har da riƙe numfashi. Ya bi bango taku-taku yana ƙwanƙwasawa, kunne a kusa. Bango mai lafiya amonsa a tsuke yake, ƙas, ƙas. Inda aka ɓoye rami kuwa sai ya amsa da ƙasa-ƙasa, kamar ka buga tulun da ba kowa a ciki. Da wannan kunnen ya yi suna, da shi ya aurar da 'ya'ya uku.

Ni kuwa da shekaru suka tura, matasa masu arha suka cika gari, sabon gini ya daina zuwa mini. Sai na koma gyaran tsofaffin gidaje. Gyara nake ce masa a gida, amma gaskiyar magana rufa asiri ne. Dillali zai sayar da gida, bango ya dare, sai a kira Bahago ya zo ya yi masa kwalliya. Shi yana tonawa ana kawo masa kujera da ruwan sanyi, ni ina rufewa ana shigar da ni ta ƙofar baya. Ciki ɗaya muka fito fa.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, bara Auta ya fara wani sabon salo. In hango shi a hanya in ƙwala masa kira, ya yi gaba abinsa. Ran nan a kasuwar katako ina bayansa, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, na ce, "Auta!" har sau uku, mutane suna kallona, bai ko waiwaya ba. Na dawo gida ina huci na ce wa matata, shi ke nan, suna ya hau masa kai, yanzu in ba ka ce Likita ba ba ya amsawa. Ta ce in yi masa uzuri. Na ce uzurin me, ni ne zan bi ƙanena da fadanci? Daga ranar na daina kiransa a hanya.

Ana cikin haka wani dillali ya kai ni wani gida, ciki uku da falo, da mangwaro a tsakar gida. Ɗakin baya ne matsalar. Tsaga ce ta taso daga kusurwar ƙasa, ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala har ƙarƙashin silin, kuma can sama ta buɗe har hannuna ya shige zuwa wuyan hannu. Ba sai an kira wani Likita ba, ni ma na san dalili. Tsohuwar sokawe ce manne da bayan ɗakin, ta yi shekaru tana tsiyaya a ƙarƙashin harsashi har ƙasar ta ruɓe, kusurwar ɗakin tana nutsewa a hankali. Dillalin ya riga ya sa an cike ramin da ɓaraguzai an daɓe samansa da siminti, an haƙa sabuwa can ɗaya gefen. Saura bango. Ya ce, "Bahago, so nake ko ƙanen nan naka aka kawo ya wuce bai gani ba." Da wasa ya faɗa. Ni ban ɗauke ta wasa ba.

Wallahi ban taɓa aiki irin na gidan nan ba. Kwana tara na yi, kuma kowace rana Auta yana cikin kaina, ina bin dabarunsa ɗaya bayan ɗaya ina toshewa. Ban cika tsagar da siminti zalla ba, don bangon yana motsi, wata guda za ta sake buɗewa. Takardun buhun siminti na dunƙule na cusa, na ɗora ragar waya a kai, yadda bangon zai yi ta motsinsa a ɓoye har damina ta yi nisa fuskar ba ta nuna ba. Ban yi faci ba, don faci shi ke tona asiri, bango huɗun na shafe gaba ɗaya, ciki da waje. Na ɗaga daɓen ɗakin na daidaita shi, ruwan buta ya rasa inda zai gangara. Ƙofar da ke gogar ƙasa na fere ta, na goga wa bakinta tsohon mai da ƙura kada a ga sabon katako. Abin da na fi alfahari da shi kuwa, sauran ƙananan tsagogin gidan ban taɓa su ba. Na san halinsa, gidan da ba tsaga ko ɗaya shi yake zargi. Sai na bar masa abin da zai gani ya yi bayani ya ji daɗi. Abu ɗaya ne ya gagare ni, amon bangon. Wannan ba ni da maganinsa. Na karɓi hakkina na tafi, ina ce wa kaina ba ni na gina ba, ba ni zan sayar ba.

Wata biyar bayan nan Yaya Malama ta kira mu.

Ita ce babbarmu. Da mahaifiyarmu ta rasu ita ta riƙe mu, ita ta yi mana wanki, ita ta hana kanta takalmi ta saya mana. Shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, kuma duk a gidan haya, daga wannan ɗaki a kore ta zuwa wancan. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba. Yanzu ta yi ritaya an ba ta kuɗin sallama, ta ce ba za ta taɓa ko sisi ba sai ta sayi inda za ta mutu a cikinsa ba mai buga mata ƙofa ƙarshen wata. In kuɗin nan suka tafi, ba wasu a bayansu.

Ta ce ta samu gida, saura a duba. "Likitana zai je ya gani ranar Asabar," in ji ta, tana dafa kafaɗar Auta. Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma Bahago, in an gama sai ka yi mini fenti." Fenti! Shekara arba'in ina cikin siminti har farcena ya canza kama, amma ni na fenti ne. Na haɗiye na ce to, Yaya. Na ce zan raka su, ba don komai ba sai don kada a ce ban je ba.

Da safe muka tafi. Muna karya kwana na hango mangwaron, sai na gane gidan nan ne da na shafe. Dillalin yana tsaye a ƙofa da tarin makullai. Muka haɗa ido, ya miƙo mini hannu ya ce, "Sannu, Malam," kamar bai taɓa ganina ba. Ni ma na ce sannu.

Ya kamata tun a ƙofar nan in ja Yaya gefe in faɗa mata. Na sani. Amma da wane baki? In ce mata ƙanenta da take kira mai gyara, ha'inci yake ci? Kuma akwai wani abu a ƙasan wannan, wanda ya fi shi muni, zan faɗe shi tunda na fara: ina so in gani. Shekara talatin ina jiran ranar da hannuna zai kara da kunnensa, ga ta ta zo har gida. Na ce wa zuciyata ai zai ji amon ɗakin baya, Yaya ba za ta cutu ba, bari dai in ga iya inda zan kai shi.

Auta ya zagaya sau biyu. Ya ƙirga taku zuwa sabuwar sokawe ya gyaɗa kai, ya taka daɓen da ke kan tsohuwar ya wuce. Ya duba mangwaron ya ce da nisa, ba zai kai ba. Ya nemi tsohon layin, aka ce dattijon da ke gidan gaba ya koma wurin 'yarsa, duk sauran 'yan haya ne sabbin zuwa. A falo ya tsaya gaban wasu siraran tsagogi masu kama da saƙar gizo-gizo, Yaya ta dafe ƙirji.

"Kwantar da hankalinki, Yaya Malama," ya ce. "Wannan a fata take, ba ta kai ƙashi ba. Shafe ne ya bushe da wuri ba a ba shi ruwa ba. Masu shafe ne da gaggawa."

Yaya ta ɗan kalle ni ta gefen ido. Na yi kamar ina duban silin.

A kicin ya nuna wadda ta taso daga kusurwar taga, ya ce lintar da aka ɗora a kan tagar ce ta yi gajarta, gyaran yini ɗaya ne. A sito ya nuna wata doguwa miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, ya ce daga baya aka ƙara siton, ba a sarƙe sabon bulo da tsoho ba, kowa yana zaman kansa, ba za ta kashe kowa ba. A baranda ya ɓantare ɗan siminti a gindin ginshiƙi ya nuna mata rodin da ya yi tsatsa ya kumbura ya tura siminti waje. Yaya sai "Allah ya yi maka albarka" take yi. Ni kuwa ina bin su a baya, duk abin da ya tsaya a kai ni na ajiye masa. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Muka shiga ɗakin baya. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ba ta ce uffan ba. Ya shafa bakinta ya duba yatsansa. Ya zuba ruwan buta, ruwan ya kwanta a inda aka zuba shi. Sannan ya zaro makullin.

Ya fara daga bakin ƙofa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya gama bangon farko, ya gama na biyu, ya shiga na uku. Ni na san daidai inda tsagar take, taku biyu daga kusurwa, tsayin kafaɗa. Makullin ya sauka a wurin, bangon ya amsa da wannan muryar ta tulu, a fili, har dillalin ya hau tarin ƙarya yana kaɗa makullansa. Na ce shi ke nan, an kama ni.

Auta ya ɗaga ƙafa ya yi gaba.

Ya sake bugawa, bangon ya sake amsawa, ya sake yin gaba. Fuskarsa ko gezau. Kai! Saura kaɗan in yi dariya. Na ci shi. Ni Bahago, mai fenti, na ci Likita a gaban Yaya, ko da yake ba wanda ya sani sai ni da wani ɓarawon dillali.

Sai Yaya ta yi magana daga bayansa. "Auta, nan zan sa gadona, ka ga ya fi nesa da hayaniyar titi. Auta. Auta!" Bai juyo ba. Ta yi murmushi ta ce wa dillalin, "Haka yake, in yana aiki ba ya jin kowa."

A nan ne na dube shi da kyau, abin da na yi shekara ban yi ba. Na ga ya manna tafin hannunsa na hagu a bango kusa da inda yake bugawa, abin da ba ya yi a da. Na ga yana juya kai, ya kawo wannan kunnen ya kawo wancan. Na ga gumi yana bin bayan wuyansa, alhali ɗakin da sanyi. Ba sauraro yake ba, laluben amon yake da yatsu. Sai kasuwar katako ta faɗo mini a rai, da kiran nan uku da na yi masa. Ashe ba girman kai ba ne. Auta ba ya ji.

Ya mayar da makullin aljihu, ya juyo ya ce, "Yaya Malama, gidan nan ba laifi. In ban da 'yan gyare-gyaren da na nuna miki…"

Wallahi na yi tunanin yin shiru, kuma ba na ɗan lokaci kaɗan ba. Damina ɗaya ta isa. Bangon ya buɗe baki, gari ya ɗauka cewa Likita ya duba gidan yayarsa ya ce lafiya lau, daga ranar ba mai sake ce mini wan Likita. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, an miƙo mini shi ba tare da na motsa yatsa ba. Amma Yaya ta riga ta taka zuwa kusurwar, tana auna tsawon gado da tafin ƙafarta, kanta daidai ƙarƙashin inda hannuna ya shige.

In na ce ni na shafe, na mutu a idonta. In na ce Auta bai ji ba, na kashe masa sana'a a gaban dillali, wanda kafin azahar zai kai labarin kowace kasuwa. Sai na taka na tsaya a gabansa, inda zai ga bakina, na ɗora hannuna na hagu a daidai wurin, na ɗaga murya.

"Auta, na ga ka yi jim a nan ɗazu. Me ka ji?"

Ya dubi bakina, ya dubi hannuna. Sannan ya matso ya kwantar da kumatunsa a bangon yana kallon tsawonsa ta inda hasken taga ke kwanciya. Kowane mai shafe yana da yadda cokalinsa ke zagayawa, nawa kuwa daga dama yake komawa hagu, ba kamar na kowa ba. Tun yana ɗan shekara goma sha uku yake ganin wannan zagayen. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago bai kalle ni ba.

"E," ya ce. "Dama zan dawo kanta. A ba ni guduma."

Dillalin ya yi tsalle, wai ba a fasa gidan mutane kafin a saya. Auta ya ce, "In ba komai a ciki, ga wana nan, mai shafe ne, zai mayar maka kamar ba a taɓa ba." Bugu uku ya yi. Shafen ya zube, ragar ta bayyana, ya sa hannu ya fara zaro takardun buhun siminti, dunƙule bayan dunƙule, har suka taru a gaban Yaya. Da ya gama, tsagar ta fito fili, hannunsa yana shigewa cikin bangon. Ya ce mata wannan ba ta fata ba ce, harsashin ne ke nutsewa, kuma a haƙa bayan ɗakin za a tarar da rami. Dillalin ya hau rantsuwa wai shi ma yau ya gani. Ya kalle ni, na kalle shi, kowa ya riƙe bakinsa.

Yaya ta zauna a dandaryar ƙasa. Ta dubi takardun ta ce, "Wanda ya yi wannan, ya san mutum zai kwana a nan. Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ya…"

"Yaya Malama, kada ki yi masa baki," in ji Auta. Ya ɗauki wani ɓallin shafen yana juya shi a hannu. "Ba mu san abin da ya kai shi ba. Amma ko wane ne, gwani ne. Shekara talatin ina duba bango, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba."

Tunda aka haife shi bai taɓa yabon aikina ba sai ran nan, kuma ba ni da damar in ce na gode.

A hanyar komawa muka bar Yaya ta yi gaba. Ya riƙo hannun rigata ya juyo da ni muna fuskantar juna. Ya ce, "Yaya Bahago, tun yaushe ka sani?" Na ce yau. Ya ce kunnen hagu ya tafi tun bara, na dama yana bin sa, ko matarsa bai faɗa wa ba. Game da bangon kuwa bai tambaye ni komai ba, har yau.

Ba mu zauna mun shirya ba, amma tun daga Asabar ɗin duk inda aka kira shi tare muke zuwa. Ni ke riƙe jaka da buta. Yana bugawa ina tsaye inda zai gan ni, in bango ya amsa da muryar tulu sai in sosa kunne, shi kuma ya tsaya ya yi jim, mutane su riƙe numfashi. Dillalai sun daina kirana, ni ma na daina ɗaga wayarsu. Sunansa kuwa sai abin da ya ƙaru, don labarin takardun siminti ya zaga gari. Har cewa ake Likita mutumin kirki ne, dubi yadda yake jan wansa a jiki don ya samu na cefane. Ina ji da kunnuwan nan nawa biyu masu lafiya, ina haɗiyewa. In ka tambaye ni ko kishin ya tafi, bai tafi ba. Kujera ɗaya ake kawowa har yanzu.

Yaya ta samu wani gidan, ƙarami, a kan ƙasa mai tsakuwa. Mu biyu muka duba shi, ni na yi mata fentin. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda Likitanta ya ji rami ta cikin siminti. Makon jiya ina kan tsani ina gyara mata bakin taga, ta gama ba wata maƙwabciya labarin, har da maganar da Auta ya yi a kan gwanin da ba a san shi ba. Sai ta ɗago kai ta ce, "Kai Bahago, kai da kake cikin sana'ar, da ma ka nemo mutumin nan ka koyi wani abu a wurinsa. Ba ha'incin ba, hannun."

Na ce mata to, Yaya, na ci gaba da shafa.